Tace gahawa da ƙyalle a gida: tambayoyi da amsoshi

Shekara shida ke nan da na bar garin gahawa na gwangwani, wanda ake zuba wa ruwan zafi ya narke nan take, na koma tace tawa da ƙyalle kullum bayan sallar asuba. Wani abokina da ya yi karatu a Malesiya ne ya kawo mini tsarabar jakar tata guda biyu, masu zoben waya da mariƙin katako, ya ce da irinsu ake haɗa gahawa a shagunan can. Ta farko ta lalace a hannuna cikin wata guda saboda rashin sani. Ta biyun ce ta koya mini aikin. Tun daga lokacin, duk baƙon da ya kurɓa a gidana sai ya jefo tambaya, tambayoyin kuma kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su a nan. Abin shan zan riƙa kiransa gahawa, mazubin kuma kofi, don kada magana ta cakuɗe.

Wace irin hanya ce wannan, kuma su wa ke bin ta?

Jaka ce ta auduga mai siffar safa, an ɗinke bakinta a jikin zoben waya. A zuba niƙaƙƙiyar gahawa a ciki, a bi ta da ruwan zafi, ruwan ya ratsa garin ya ɗiga cikin kofi, dusar ta tsaya a jakar. Iyakar kayan aikin ke nan.

Ta girmi matatar takarda nesa ba kusa ba. Sai a 1908 wata matar aure a birnin Dresden na Jamus, Melitta Bentz, ta huda gindin wata tukunyar tagulla, ta shimfiɗa takardar shanye tawada da ta ciro daga littafin makarantar ɗanta, ta tace gahawa da ita. Daga nan matatar takarda ta samo asali. Amma ƙasashe da dama ba su saki ƙyallen ba har gobe. A Kosta Rika akwai wani ɗan katako mai rami a sama da suke kira chorreador, a rataya jakar a ramin, a ajiye kofi a ƙarƙashi. A Birazil, ƙasar da ta fi kowace noman gahawa a duniya, sunan jakar coador de pano, kuma da ita gidaje da yawa ke haɗa 'yar ƙaramar gahawar da suke tarbar baƙo da ita. A Malesiya da Singafo, shagunan da ake kira kopitiam suna amfani da doguwar jaka da dogayen butocin ƙarfe, haka ma masu sayarwa a titunan Tailan. Mutanen Japan kuwa sun mayar da abin sana'ar gwanaye. Akwai shagon Café de l'Ambre a unguwar Ginza ta Tokiyo, wanda Ichiro Sekiguchi ya buɗe a 1948, ya riƙe shi har ya rasu a 2018 yana da shekara 103, kuma da ƙyalle ake tace gahawar wurin.

Mu ma hannunmu ya riga ya san rabin aikin. Duk gidan da ake tace kamu ko ake yin awara an san yadda ƙyalle ke raba ruwa da dusa.

Me ya raba ta da tatar takarda, ko rariyar mai shayi?

Ƙwayar gahawa tana ɗauke da ɗan mai, kuma ƙamshi mai yawa a cikin man yake. Takarda tana shanye mafi yawansa, sai gahawar ta fito garau amma ba kauri. Rariyar ƙarfe irin ta mai shayi kuwa ramukanta manya ne, mai ya wuce, ƙurar garin ma ta wuce, sai ka tarar da laka a gindin kofi tana maƙale maka a maƙogwaro. Ƙyalle yana tsakanin biyun. Yana tare ƙurar, yana barin wani sashe na man ya sauka. Abin da za ka ji a baki shi ne santsi da ɗan nauyi a kan harshe, kuma ka shanye har kurɓin ƙarshe ba guggubi.

Akwai kuma maganar aljihu da samuwa. Matatar takarda ba kowane kanti ake samunta ba a garuruwanmu, kuma kullum sai an jefar da ɗaya. Jaka guda takan yi watanni.

Nescafé zai yi?

A'a. Wannan gahawa ce da aka riga aka dafa a masana'anta, aka busar da ruwanta ya zama gari. Narkewa take yi gaba ɗaya, ba abin da ƙyalle zai tare. Abin da ake buƙata shi ne ƙwayar da aka soya aka niƙa, wadda ba ta narkewa a ruwa.

Wane irin ƙyalle ya dace, kuma a ina zan samu?

Auduga zalla, farar da ba a rina ba, mai saƙa a matse. Akoko yana yi sosai, alawayyo ma haka, in dai ka tabbata ba a gauraya shi da roba ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: yanki ɗan zare ka kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi baƙin ƙulli. Ka ɗaga yadin ka duba shi a hasken rana. In kana hango ramukan saƙar ɗaya bayan ɗaya, ya yi sako-sako, gari zai wuce. Kada a yi da atamfa ko wani yadi mai rini, kada kuma a yanko daga tsohuwar riga, don ƙamshin sabulu da turare ba sa barin tufa.

Mutanen Japan sun fi son wani yadin auduga mai kauri wanda fuskarsa ɗaya ke da gashi-gashi. Gwanayensu ma ba su daidaita ba a kan ko gashin ciki zai kalla ko waje, don haka in ka samu irinsa ka gwada duka biyun.

Ba sai an yi odar komai daga waje ba. Da jakata ta biyu ta tsufa, Kantin Kwari na shiga na sayi rabin yadi na akoko, na kai wa telan unguwarmu tare da tsohuwar. Ya warware ta, ya shimfiɗa a kan sabon yadin, ya zana da alli, ya fitar mini da guda shida. Na roƙe shi abu biyu: ya yi ɗinkin da farin zaren auduga, kuma ya bar bakin jakar da kalmasa mai faɗi yadda za a zura waya a zare. Faɗin baki kamar santimita 10 zuwa 12, zurfi kamar 12 zuwa 15, gindin ya tsuke kaɗan, ya isa haɗa kofi biyu zuwa uku. Zoben kuwa a nemi wayar da ba ta tsatsa. Waya mai tsatsa tana ɓata yadin, ta kuma sa wa gahawa ɗanɗanon ƙarfe.

Sabuwar jaka ana fara aiki da ita kai tsaye?

Ba a yi. Sabon yadi yana zuwa da sitaci daga masaƙa, in ba a fitar ba gahawar farko za ta yi warin kanti. A tafasa jakar a ruwa zalla na minti 10, a zubar, a sake sabon ruwa a jefa cokali ɗaya na garin gahawa, a ƙara tafasawa minti 5 zuwa 10. Za ta fito da launin ƙasa-ƙasa. Wannan launin ba datti ba ne, kuma ba zai fita ba har ta ƙare.

Yaya laushin garin zai kasance?

Tsakanin laushi da tsaki. Ka murza a tsakanin yatsu, ka ji shi kamar yashi ko ƙwayar sukari. In ya yi lilis kamar garin tuwo, zai toshe ƙyallen, ruwa ya tsaya cak, gahawa ta yi ɗaci. In ya yi ɓarzajje kamar tsakin masara, ruwa zai zarce bai ɗauko komai ba.

Ƙaramin injin niƙa na hannu ya fi komai, don yana fitar da gari bai-ɗaya. Wanda ba shi da shi zai iya dakawa a ƙaramin turmi, kamar yadda ake yi a Sudan da Habasha, amma turmin ya zama na gahawa ne kaɗai. Turmin da ya taɓa ganin yaji ko daddawa ba zai manta ba. Haka injin markaɗen unguwa, kada ma a fara. Bayan daka, a tankaɗe da rariya a mayar da manyan a sake dakawa. A kuma riƙa niƙa iya na ranar, domin da an fasa ƙwayar ƙamshi ke fara gudu.

Nawa zan zuba? Ba ni da sikeli.

Awon da masu sana'ar suka fi yarda da shi shi ne giram 60 na gahawa ga lita ɗaya ta ruwa. Mu kuwa muna da mudu a hannu: ledar ruwa guda rabin lita ce. Ke nan leda ɗaya tana son giram 30, wato babban cokalin cin abinci huɗu a cike da tozo. Wannan zai ba da kofi biyu matsakaita, don garin yana riƙe ruwa kamar ninki biyu na nauyinsa, ba duka ke sauka ba. Mai son kofi ɗaya ya raba komai biyu.

Ka fara da wannan awon na kwana uku ba canji, sannan ka ƙara ko ka rage yadda bakinka ya gaya maka. Wanda zai sa madara ya ƙara cokali ɗaya, in ba haka ba madarar za ta danne gahawar.

Da tafasasshen ruwa ake zubawa?

Zafin da ake so digiri 90 zuwa 96 ne. A aikace, ruwa ya tafasa, ka sauke, ka ba shi kamar minti ɗaya. Ruwan da ke ɓararraka yana fizgo ɗaci, musamman in suyar ƙwayar ta yi duhu, irin wannan ma gara a ƙara jira kaɗan. Mazauna tudu suna da sauƙi. A Jos, saboda tsayin wurin, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, don haka da an sauke sai zubi.

Ruwan kansa ma abin dubawa ne, tunda kusan duk abin da ke cikin kofin ruwa ne. Na rijiya mai zartsi yana kashe ɗanɗano, na famfo mai warin magani ma haka. Ruwan da ba ka jin daɗin shansa da sanyi ba zai gyaru don an sa masa gahawa ba.

To, yaya ake zubin daga farko zuwa ƙarshe?

Ka fara jiƙa jakar da ruwan zafi, ka bar shi ya sauka cikin kofin ko butar da za ta karɓi gahawar, don ita ma ta ɗumama, sannan ka zubar. Ka kama gindin jakar ka ɗan matse ruwan, ka buɗa ta ta koma siffarta. Zuba garin, ka girgiza kaɗan ya kwanta daidai.

Zubin farko ɗan kaɗan ne, iya abin da zai jiƙa garin duka, kamar cokali huɗu zuwa biyar. Ka fara daga tsakiya ka zagaya. Sai ka tsaya ka kalla. In gahawar sabuwar suya ce, za ka ga garin ya kumbura ya taso kamar ƙullin waina da ya kwana, ƙananan kumfa suna fashewa a samansa, ƙamshi ya cika ɗakin. Iskar da suya ta tara a cikin ƙwayar ce ke fita, kuma sai ta fita ruwa ke samun hanyar shiga garin sosai. Ka ba shi daƙiƙa 30 zuwa 45. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: in ka zuba ruwa garin ya kwanta shiru bai motsa ba, gahawar ta tsufa, za a sha amma ƙamshin ya ragu.

Daga nan sai zubi na sosai, a hankali, ruwan ya sauko siriri kamar kaurin tsinken tsintsiya biyu ko uku. Ka riƙa zagayawa daga tsakiya zuwa kusa da gefe ka dawo. Kada ka zuba a jikin ƙyallen, domin ruwan zai bi bango ya sulale ƙasa bai taɓa gari ba. Kada kuma ka cika jakar har baki. Ka zuba, ka dakata ruwan ya ja baya, ka ƙara, sau uku ko huɗu. Butar shayi mai siririn baki, irin wadda ake dafa ataya da ita, ta fi babbar buta daɗin sarrafawa.

Rabin lita ya kamata ya gama sauka cikin minti 3 zuwa 4. Da ɗigon ya fara ja da baya, ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauke jakar. Na ƙarshen nan ba shi da abin kirki sai bauri. Ka juya gahawar da cokali kafin ka raba, don wadda ta fara sauka ta fi ta ƙarshe ƙarfi.

Na ga wasu suna jiƙa garin a tukunya sannan su tace. Wanne ne daidai?

Duka biyun hanyoyi ne na asali. A gidajen Birazil da yawa, ruwa da sukari ake ɗorawa, in ya kusa tafasa a sauke a zuba gari a juya, sannan a juye cikin jaka. A shagunan Malesiya da Singafo kuma jakar takan zauna a cikin buta garin yana jiƙa, a riƙa juye gahawar daga wannan buta zuwa waccan ta cikin jakar. Tasu ƙwayar galibi irin gahawar da ake kira robusta ce, wadda ake soyawa da sukari da man shafa burodi, ta fito baƙa ƙirin, a sha da madarar gwangwani mai kauri.

Ga mai koyo, jiƙon ya fi sauƙi, kuma ba ya buƙatar buta ta musamman: gari cikin ruwan zafi, a juya, a rufe minti 4, a tace. Shi nake yi in baƙi sun yi yawa. Amma in ni kaɗai ne, zubi nake yi, don ya fi fito da ƙamshin ƙwaya mai kyau. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar garin yana tafasa a kan wuta kamar ganyen shayi.

Ana matse jakar kamar yadda muke matse kamu?

Yayata ce ta fara yi mini wannan tambayar, hannunta ma har ya kai ga jakar. Na ce mata, Yaya, a nan kam sai dai ki yi haƙuri. A tatar kamu abin da ake nema yana cikin dusar, dole a matse ya fito. A gahawa kuwa abin da ake nema ya riga ya sauka, wanda ya rage a jakar ɗaci ne da ƙura. In kika matse, kin tura su cikin kofi, kin kuma buɗa saƙar yadin.

Yaya ake wanke ta?

Nan ne gaba ɗaya sirrin yake, kuma nan ne mafi yawan masu farawa ke karaya. Man da ke sa gahawar ƙyalle daɗi, shi ne kuma ke maƙalewa a zaren. In aka bar shi ya haɗu da iska, sai ya lalace kamar yadda tsohon man gyaɗa ke yi, ya riƙa zuba hamami a duk abin da aka tace bayansa.

Don haka da an gama, tun jakar na da ɗumi, a juye dusar, a kifa cikin jakar ya koma waje, a ɗauraye da ruwa mai yawa ana murzawa da yatsu har ruwan ya fita fari. Kada a ce bari a gama karyawa tukuna. Sau ɗaya a mako a tafasa ta minti 10 a ruwa zalla. Mutanen Kosta Rika sukan cuɗa tasu da gishiri lokaci-lokaci su ɗauraye sosai, na gwada kuma yana fitar da maiƙo.

Sabulu kuwa, ko kusa. Wata rana ƙanwata ta zo hutu, ta ga jakar ta yi launin ƙasa, ta ɗauka datti ne, ta jiƙa ta a garin sabulu ta wanke tas, da kyakkyawar niyya. Washegari gahawar ta fito da ƙamshin kayan wanki. Na tafasa jakar sau uku bai bar ta ba, dole na sauya. Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda zai taya ni wanke-wanke ya bar mini wannan guda ɗaya. Ruwan bilic ma haka, ba ya shiga wannan aikin.

A shanya ta ko a bar ta a jiƙe?

Mazhaba biyu ce. Mutanen Japan ba sa barin tasu ta bushe: bayan wanki sai su nutsa ta a ruwa mai tsabta cikin roba mai murfi, su sa a firij, su riƙa canza ruwan kullum. In za a daɗe ba a yi amfani da ita ba, a matse, a ƙulle a leda, a jefa firiza. Hikimar ita ce a hana iska taɓa sauran man. A Kosta Rika da Birazil kuwa gidaje da yawa rataye ta suke yi ta bushe.

Wanda ba a cika ɗauke masa wutar lantarki ba ya bi ta Japan, ta fi tsare ɗanɗano. Amma a inda ake ɗauke wuta yini guda, jaka a cikin ruwan da ya ɗumama a firij ta fi saurin yin wari. Ni shanyawa nake yi, amma da sharaɗi: wanki ya zama na gaske, a matse sosai, a rataye a inuwa inda iska ke kaɗawa, nesa da hayaƙin murhu da ƙamshin miya. Da hunturu cikin awa ɗaya ta bushe, sai dai a kare ta daga ƙura. Damina ce abar tsoro. Jakata ta farko a watan Agusta ta tafi: na yi tafiyar kwana uku na bar ta da danshi a cikin kwano, na dawo na tarar da fumfuna ɗigo-ɗigo a jikinta. Yanzu da damina jaka biyu nake juyawa, ɗaya na aiki ɗaya na bushewa.

Yaushe ake canza ta?

Mai amfani da ita kullum ya sa ran wata biyu zuwa huɗu. Amma hanci da ido sun fi lissafin wata. In ka jiƙa ta da ruwan zafi ka sunsuna ka ji hamami, ko ruwa ya riƙa jinkirin sauka duk da an tafasa ta, ko ka ga fumfuna ko da ɗigo ɗaya ne, ta gama aiki.

Tawa tana fitowa da ɗaci, wani lokacin kuma tsami. Me ke jawo haka?

Ruwa ba ya tsami banza. Ɗaci mai kama harshe alama ce ta ruwan ya ɗebo fiye da kima: gari ya yi laushi, ko ruwa ya yi zafi da yawa, ko zubin ya wuce minti 5. Tsami mai kaifi tare da rashin kauri kishiyar haka ne: gari ya yi tsaki, ko ruwa ya huce, ko an kwarara shi da gaggawa. In kuma ta fito salam, ba ɗaci ba tsami, ko dai garin ya yi kaɗan ko ƙwayar ta tsufa. Ka riƙa gyara abu ɗaya a lokaci guda, ka fara da laushin gari. In ka gyara duka amma wani ɗanɗano mara daɗi yana nan a ƙarshen kurɓi, jakar ce.

A sani kuma, irin gahawar da ake kira arabika, in mai kyau ce wadda ba a soya ta da yawa ba, kamar ta Habasha, tana da ɗan tsami mai daɗi kamar na 'ya'yan itace. Wannan halinta ne.

Zan iya sa citta da kanumfari?

Sosai. 'Yan'uwanmu Hausawan Sudan sun saba da jabana, gahawar da ake dafawa da citta a zuba daga 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, a cusa ɗan zaren dabino a bakinta ya tare guggubi. In kana son irin wannan ɗanɗanon, ka tafasa busasshiyar citta da ƙwayar kanumfari biyu ko ɗan kirfa a cikin ruwan, ka tsame su, ka yi zubi da ruwan. Sai dai ƙamshin zai kama yadin, don haka a ware wa kayan ƙamshi jakarsu. Madara da sukari kuwa a kofi ake sa su, madara ba ta shiga jaka ko kaɗan.

Akwai abin da ya shafi lafiya?

Akwai. Sinadarin da ke kore barci, kafeyin, shi ne dai wanda ke cikin goro da shayi. Hukumomin lafiya na Amurka da Turai sun ce baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini, wato kamar kofi huɗu matsakaita. Mai juna biyu ana ba ta shawarar tsayawa a 200 ko ƙasa. Mai cin goro ya riƙa haɗa lissafin da shi. Robusta kuma ta kusan ninka arabika a yawan kafeyin. Jiki yakan ɗauki wajen awa biyar kafin ya rage rabin abin da aka sha, shi ya sa kofin bayan magariba ke hana wasu runtsawa. Sufayen Yaman ma tun ƙarni na 15 don raya dare da ibada suke shan ta.

Man gahawa yana da wani sinadari, kafestol, mai ɗaga kitsen jini ga wanda ke sha da yawa. Takarda ce ta fi tare shi, tunda kuwa ƙyalle yana barin wani sashe na man ya wuce, wanda likita ya ce kitsen jininsa ya hau ya tambaye shi, ko ya koma takarda. Mai hawan jini, mai gyambon ciki da mai bugun zuciya ma su nemi shawarar likitansu. Gahawa tana kuma rage yadda jiki ke zuƙar sinadarin ƙarfe daga abinci, don haka mai ƙarancin jini ya ba da tazarar awa ɗaya tsakaninta da cin abinci.

A ina ake samun ƙwayar, kuma za a iya soya ta a gida?

Ana noman arabika a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba, da kuma tudun Jos. Robusta ta fi yawa a jihohin da ke kudu da mu, Kamaru ma tana noman iri biyun. Manyan kantuna a Kano, Kaduna, Abuja da Yamai sukan kawo soyayyiya a leda, akwai kuma masu suya ƙanana da ke sayarwa ta intanet. Ka sayi ƙwaya a kan gari in da hali, ka duba ranar suya, ka sayi abin da za ka ƙarar cikin wata ɗaya, ka ajiye a kwalba mai murfi nesa da rana.

In ɗanya ka samu, wadda launinta ke tsakanin kore da toka, suyarta ba ta fi ƙarfin wanda ya iya suyar gyaɗa ba, sai dai ita ba a sa mata yashi. A ɗora kasko mai kauri a matsakaiciyar wuta, a tsakar gida saboda hayaƙi, a zuba abin da bai wuce ya rufe gindin kaskon ba, a yi ta juyawa ba tsayawa. Za ta koma rawaya, sannan launin ƙasa, wajen minti 8 zuwa 12 ka ji tana ƙara ƙas-ƙas kamar gugguru. Daga wannan ƙarar ta soyu. Ƙarin minti ɗaya ko biyu yana ba da matsakaiciyar suya, wadda ta fi dacewa da ƙyalle. In ta fara ƙyalli da mai tana baƙi, ta kusa ƙonewa. A juye a faifai nan take, a yi ta fifita ana sheƙe ɓawon har ta huce, sannan a rufe a kwalba a ba ta kwana biyu kafin a niƙa.